Harba-Ka-Ruga da Libarba: Tarihin Bindigar Albarushi Daga Turai Zuwa Ƙasar Ruma da Safana

A wannan karo zan ɗan jingine zancen littattafai da marubuta, in ɗauko wani batu na tarihi da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato tarihin bindigar nan tamu ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wasu na kiranta harba-ka-ruga, wasu su ce baushe, wasu bindigar toka, a tsofaffin ƙamus kuma za ka same ta da sunan adaka.

Mai karatu, idan a 'yan shekarun nan aka ce "'yan bindiga sun shigo" a wani ƙauye na Batsari ko Safana, ka san abin da ke biyo baya: mata su saɓi yara, maza su yi ta kansu, gari ya watse. Amma a bakin kakanninmu 'yan bindiga dakarun sarki ne, mutanen fada, waɗanda har gobe muke ganinsu ranar hawan Sallah a Katsina suna tafe gaban sarki, suna tayar da farin hayaƙi, yara na toshe kunne suna dariya. Kalma ɗaya ce, amma bindigar da ke hannun na jiya da wadda ke hannun na yau ba su haɗa hanya ba. Abin da nake so mu yi shi ne mu kwance bindigar jiya mu duba sassanta ɗaya bayan ɗaya, mu jera ta da 'yar uwarta ta Amurka mai cin albarushi iri ɗaya, wato libarba, don mu gane aikin da aka ƙera kowacce dominsa, da kuma nauyin da muke ɗora wa tamu a yau.

Sunan ma baƙo ne

Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, haka albarushi, haka ma harsashi, wanda asalinsa a Larabci sunan darma ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ta ƙofar da makamin ya fara leƙo ƙasarmu, wato ta arewa, ta hanyar ayarin Sahara da ke tasowa daga Turabulus ya biyo ta Gat da Agadas.

A 1591 rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Basha ta tsallako Sahara da bindigogi, ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi, duk da cewa mayaƙan Songhai sun ninka su yawa. A wannan zamanin ne kuma Mai Idris Aloma na Borno ya samo 'yan bindiga Turkawa suka horar da bayinsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. A ƙasar Hausa kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kudu, ta bakin teku. Turawan Denmak na da sansanonin ciniki a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau, babbansu yana Osu a birnin Akra, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Daga sunansu ne Turawa suka laƙaba wa doguwar bindigar ciniki sunan bindigar Denmak, kuma har yau da wannan suna dokar Nijeriya ke kiranta, alhali mafi yawan irinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. A rabin ƙarshe na ƙarni na 18, ɗaruruwan dubban bindigogi ake saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma duk shekara, kuma babban abin da ake musayarsu da shi bayi ne. Kaɗan ne daga ciki ke hayowa arewa, domin sarakunan da ke tsakani ba sa son makamin ya wuce su. Sai a ƙarni na 19, musamman zamanin Etsu Masaba na Bida, cinikin kogin Kwara ya buɗa hanyar sosai.

Ƙasar Ruma a zamanin doki da baka

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da zuwan bindiga ta karɓe fagen yaƙi. A 1826 Baturen Ingila Clapperton ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya. Ya ƙiyasta rundunar da dubban gomomi, amma bindigogin da ya ƙirga a cikinta ba su kai 50 ba. Doki da mashi da takobi, da baka da kibiya mai dafi, su ne yaƙi. Akwai dalili kuwa: kafin ɗan bindiga ya ɗura sau ɗaya, ɗan baka ya saki kibiya da yawa, in damina ta sauka albarushi ya ji laima, bindiga ta zama sanda, ga tsada, ga wahalar samun kayan gyara. Babban amfaninta shi ne ƙara da hayaƙi, masu firgita dawakin abokan gaba.

Yankin da muke magana a kai ya ga wannan zamani da idonsa. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka riƙa kawo hari kudu. Ƙasar Ruma, wadda har yau Hakimin Batsari ke riƙe da sarautarta ta Sarkin Ruma, tana kan hanyar waɗannan hare-hare. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda aka sauke a 1844, garuruwan wannan yanki sun yi bore suka mara wa Ɗan Mari na Maraɗi baya. Siddiku ya murƙushe su da ƙarfin gaske, garuruwa da dama suka zama kufai, daji ya cinye su. Tsofaffin littattafai na kiran wurin dajin Rubu, a yammacin Katsina, inda dajin Rugu yake shimfiɗe a yau. A 1853 Bajamushe Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi, ya biyo ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda ke ƙasar Safana a yanzu, kuma sai da ayarinsu ya keta dajin cikin gaggawa da fargabar mahara.

Ke nan rashin tsaro a wannan daji ba yau ya fara ba. Abin lura shi ne yadda mutanen da suka tare shi: da ganuwa, da garuruwan ribaɗi, da jarumai irin su Ɗanwaire wanda sunansa ke tafe da na Ruma, da kuma sarautar da ta ɗauki tsaron iyaka a matsayin aikinta na farko. Maharin da mai tsaron gida makami iri ɗaya suke riƙe da shi, don haka yawan jama'a da ƙarfin zuciya da tsawon ganuwa na iya raba gardama.

A arewa da mu kuwa, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi abin da ba kowa ya yi ba. Ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin Zinder, an ma ruwaito cewa ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa 40. Wannan ya nuna maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe da sanin kan wannan sana'a.

Mu kwance harba-ka-ruga

Na sha riƙe irin wannan bindiga a hannun tsofaffin maharba na ƙauyukanmu, kuma duk wadda ka ɗauka, sassanta manya biyar ne.

Na farko bututu. Dogo ne, in ka tsayar da bindigar a ƙasa sai ta kawo maka kafaɗa ko ta wuce. Cikinsa sumul yake, ba zane. Wannan ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Da yake sumul ne, ba ta da zaɓen abinci: darma, guntayen ƙarfe, har tsakuwa, duk tana ci, don haka maharbi bai dogara da kantin kowa ba. Amma abin da ya fito daga bututun da ba zane ba ya juyawa a iska, sai ya karkace. Da wuya ka dogara da saitinta in abin harbin ya wuce taku 70 zuwa 100.

Na biyu ƙota, wato itacen da bututun ke kwance a kai, wanda ya gangaro ya zama gindin bindiga. Nan ne maharbi ke nuna gwanintarsa, ya naɗe ta da fata, ya rataya mata layu da wuri.

Na uku makunni, wurin da wuta ke tashi. Nan ne tarihin bindiga ya yi hawa uku. Ta zamanin Tondibi da igiya mai ci da wuta ake kunna ta, kamar lagwani. A farkon ƙarni na 17 aka daidaita ta ƙanƙara a Faransa, inda dutsen ƙanƙara ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi, daidai da yadda kakanninmu ke ƙyasta wuta da ƙyastu. Irin wannan ce bindigar Denmak ta asali. Daga baya, bayan binciken wani limamin coci ɗan Sukotlan mai suna Forsyth a 1807, aka fito da 'yar hular tagulla mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da zarar an buge shi. Ita ce ta rage matsalar laima da ƙin tashi.

Na huɗu kunama. Duk wanda ya ga yadda ƙarfen nan ke tanƙware a ɗane, yana jiran ya kai sara, ba sai an gaya masa dalilin da Bahaushe ya ba shi wannan suna ba.

Na biyar sandar ɗuri, wadda ke saƙale a ƙarƙashin bututu. Da ita ake danna albarushi da harsashi daga baki har gindi. Ƙwararren sojan Turai na wancan zamani kan yi harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya. Maharbi a duhun daji, da zufa a hannu, ba ya kai haka. Daga nan sunan ya samo asali: ka harba, in ka samu ka gode Allah, in ka kuskure ka ruga, domin ɓauna ko gyado ba za su tsaya jiran ka sake ɗuri ba.

Shi kuwa albarushi, haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri. Ba ya ƙonewa duka, shi ya sa yake tayar da farin hayaƙi, yana kuma barin dauɗa a bututu. Hayaƙin nan da ke ƙawata hawan Sallah, a fagen fama shi ke tona asirin inda maharbi ya laɓe.

Libarba: jiki daidai da kaya

A daidai lokacin da Siddiku da Maraɗawa ke fafatawa, wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ya yi rajistar wata dabara a 1836. Albarushin bai canza ba, 'yar hular tagullar ma ita ce, kuma ta gaba ake ɗuri. Abin da ya ƙara shi ne wata ganga mai ramuka biyar ko shida a bayan bututu, kowane rami da nasa ɗurin. In ka ɗana kunama sai gangar ta juya, sabon rami ya daidaita da bututu. Wato ya haɗa harba-ka-ruga shida a jiki ɗaya. Wannan ita ce libarba.

Sashen da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne wanda zan kira uwar jiki, wato ƙarfen da ke riƙe da ganga da bututu da mariƙi, wanda duk bugun albarushi a kansa yake ƙarewa. Colt ya yi ta girma uku. Babbar ita ce ta Walker ta 1847, mai faɗin baki wajen milimita 11, mai nauyin kilo 2. A jikin sirdi ake rataya ta saboda nauyi. Ɗurinta ya kusa kai na doguwar bindiga, ƙarfen wancan zamani kuma bai iya jurewa ba, har gangunan da yawa daga cikin guda 1,000 da aka ba sojoji suka fashe. Dole a 1848 aka fito da Dragoon, aka rage tsawon ganga da bututu don a rage ɗurin. Ƙaramar ita ce ta aljihu ta 1849, mai baki wajen milimita 8, wadda ba ta kai kilo ɗaya ba, kuma ita ta fi kasuwa, an sayar da fiye da 300,000. Matsakaiciyar ita ce Navy ta 1851, mai baki wajen milimita 9, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai.

Da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ƙarato, aka so harsashin babbar a jikin da ba shi da nauyi. Sai a samfurin Army na 1860 aka ɗauki uwar jikin Navy aka ɗan rage mata ƙasa, aka yi ganga mai faɗi ta gaba, siririya ta baya, aka kuma ƙara tsawon mariƙi. Hakan ya yiwu ne domin an sami ƙarfe mai kyau, an kuma tsaya a ɗurin da bai kai na Walker ba. Kamfanin Remington shi kuma ya bi wata hanya, ya yi uwar jiki mai rufi ta sama wadda ta zagaye gangar gaba ɗaya, saɓanin ta Colt mai buɗaɗɗen sama. A kudancin Amurka, inda ƙarfe ya yi ƙaranci lokacin yaƙin, wasu ƙananan masana'antu da farin tagulla mai ruwan zinare suka yi uwar jikin.

Darasin da ke cikin wannan jerin a fili yake: kowace uwar jiki da iyakar ɗurin da za ta ɗauka. In ka wuce iyakar, kafin bindigar ta taɓa wanda aka auna, mai riƙe da ita za ta fara ci.

Kwafi biyu, duniya biyu

A 1884 aka ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, a shekarar ce kuma Hiram Maxim ya fito da bindiga mai ruwa. Kafin nan ma harsashi mai kwanso ya riga ya kori ɗuri ta baki a rundunonin Turai. Zamanin baƙin albarushi ya wuce a can. Amma abin mamaki, har yau ana ƙera bindigoginsa a wurare biyu, kuma duka kwafi ne.

Wuri na farko shi ne lardin Brescia a arewacin Italiya. A 1959 Aldo Uberti ya kafa masana'antarsa a Gardone Val Trompia, ya fara kwaikwayon libarbar Colt don kasuwar Amurka, inda ake shirin bikin cika shekara 100 da yaƙin basasa. Kamfanin Pietta ma ya shiga wannan sana'a. Masu sayen su 'yan sha'awa ne: masu wasan kwaikwayon tarihi, masu gasar saiti, da masu shirya finafinan kaboyi. Sukan yi ta muhawara kan wace ganga ce ke shiga wace uwar jiki, domin ko da samfurin ɗaya ne, kayan kamfani ɗaya ba lallai su zauna daram a jikin na ɗayan ba. Sukan kuma gargaɗi juna cewa mai jikin tagulla ta fi araha da ƙyalli, amma tana saki in aka yawaita mata ɗuri mai nauyi. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ma ta sa irin waɗannan a layin kayan tarihi.

Wuri na biyu shi ne maƙerarmu. Maƙerin da ke yin fartanya da galma da lauje, shi ne tun zamanin da yake gyaran bindigar Denmak, har ya kai ga ƙera tasa. Da motoci suka yawaita, tsofaffin ƙarafan mota da bututun ruwa suka maye gurbin bututun Birmingham. Bambancin shi ne, Colt ya yi suna da ƙera sassa da inji a kan awo ɗaya, har ya kai su baje kolin Landan na 1851. Bindigar maƙera kuwa kowacce 'yar kanta ce, kunamar wannan ba ta shiga waccan, kuma wanda ya ƙera ta shi ya fi sanin ciwonta. A Birmingham da Liyej akwai gidajen gwaji na hukuma, inda ake jarraba bututu da ɗuri mai nauyi kafin a buga masa hatimi. A wurinmu hannun maharbi ne gidan gwaji. Wani tsohon maharbi da na taɓa zama da shi, da na tambaye shi, "Baba, me ya sami yatsun nan?" sai ya yi murmushi ya nuna mini bindigar da ke jingine a bango. Irinsa ba ɗaya ba ne a karkararmu.

Dokar da ta tsayar da agogo

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me ya sa muka tsaya a kan bindigar ƙarni na 18? Amsar tana cikin wata yarjejeniya da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Brussels a 1890. Da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, suka bar musu ta ƙanƙara marar zane da albarushin ciniki. Shekara 13 bayan haka sakamakon ya bayyana. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, a Yuli kuma aka yi Burmi. Dawakai da masu da 'yan bindigogin ɗuri suka fuskanci Maxim da igwa. Katsina a zamanin Sarki Abubakar ba ta yi yaƙi ba, ta karɓi Lugga a ƙarshen Maris na shekarar. A Satiru a 1906, talakawa da gatura da fartanyu da baka sun yi galaba a karon farko, amma da aka dawo musu da cikakken shiri sai da aka shafe garin.

Gab da samun 'yanci, a 1959, shekarar da Uberti ya buɗe masana'antarsa, Nijeriya ta yi dokar makamai wadda ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu aka sa libarba da fistol, har da masu ƙanƙara da masu hular tagulla. Na biyu irin su bindigar harbin tsuntsaye, da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Ƙera su ma sai da izini. Ka ga ke nan, abin da Ba'amurke ke saye a matsayin kayan tarihi, a nan yana layin manyan makamai, talaka kuma an bar shi da abin da aka bar wa kakansa a 1890.

Ni dai ban ga laifin wannan tsari ba a asalinsa. Ma'anarsa ita ce hukuma ta ce wa talaka: riƙe wannan ka kori biri da gyado daga gonar rogo da dawa, ka yi farautar rani, ka harba ranar ganin wata da ranar naɗin sarauta, tsaron ranka da dukiyarka kuwa wuyana ne. Alkawari ne mai ɓangare biyu. Shekaru da dama talaka ya riƙe nasa ɓangaren.

Ranar da aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta

Satar shanu a dajin Rugu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane, makamai kuma suka ƙara kwararowa yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011. Bindigar da ta shigo daji ita ce AK-47, ƙirar Mikhail Kalashnikov ta Tarayyar Sobiyet. Gidan harsashinta na cin 30, ana sauya shi cikin daƙiƙu, tana kuma kai wa mita 300 da saiti. Kafin mai harba-ka-ruga ya zaro sandar ɗuri, wancan ya juye gida guda ya sa wani. Kuma yana iya tsayawa a inda harbin ɗan'uwanmu ba ya isa.

Abin da ya biyo baya mun gan shi. A Mayun 2019 an kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa cikin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Ɗankar, 'yan sanda suka ce mutum 30 aka kashe. A Afrilun shekarar, hare-haren dare ɗaya a ƙananan hukumomin Safana da Ɗanmusa da Dutsinma suka ci rai 47. A Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana.

To, da wane makami? Wanda doka da aljihu suka yarje wa manomi shi ne wannan dai na maƙera. Na san akwai garuruwan da 'yan banga da maharba suka tsaya da ita suka kori mahara, domin sun san kowane lungu, kuma ɓarawo ma yana son ransa. Ba na raina jarumtarsu. Da babu gara ba daɗi. Sai dai gaskiya ɗaya ce. Makamin da ba zai iya tunkarar mai AK ba, yana iya kashe wanda ba shi da komai a hannu. Shi ya sa a wurare da dama fushin 'yan sa-kai ya sauka a kan Bafulatanin da ya zo cin kasuwa ko wanda ke zaune a rugarsa, shi kuma ɗan'uwansa da ke daji ya zo ya rama a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka wutar ta riƙa cin gaba da baya, tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi zaman nono da hatsi.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko, da horo da albashi da shugabanci. A 2025 kuma aka yi zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa. Jama'a sun rabu a kai: wasu na murnar komawa gona da buɗewar hanyoyin kasuwa, wasu na nuni da hotunan wasu tarukan, inda mutanen daji suka zo da makamansu a kafaɗa suka kuma koma da su.

Kammalawa

Mai karatu, abin da na fahimta daga wannan dogon tarihi shi ne, maƙeran Colt sun koyi darasinsu tun 1847: da gangar Walker ta fashe, ba su zargi sojan da ke riƙe da ita ba, sai suka daidaita ɗuri da jiki. Mu kuwa mun ɗauki aikin soja da ɗan sanda da alƙali mun ɗura a bututun da aka yi don gyado da hawan Sallah, muka miƙa wa manomi. In ta fashe, shi da maƙwabcinsa makiyayi ne ke rasa yatsu.

Ba na cikin masu cewa a raba wa kowane gida AK, domin wanda ya ga abin da ta yi a hannun mutum ɗari ba zai so ganinta a hannun dubu ɗari ba. Abin da nake roƙo shi ne hukuma ta cika nata ɓangaren alkawarin: ta tsare daji da iyaka kamar yadda masu ribaɗin Ruma suka ɗauki abin da gaske, ta toshe hanyar harsashi, ta hukunta mai laifi ko wane ne shi, Bahaushe ko Bafulatani. Sannan ina kira ga ɗalibanmu na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsinma da su je su zauna da tsofaffin maƙera da sarakunan baka na Ruma da Runka da Zakka da Wagini, su rubuta sunayen sassan nan da kirarin maharba tun masu abin na raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.